Hannun Nehemiya a Bangon Banɗakin Hajja

Ranar Talata, 9 ga watan Satumba, 1958, ina rumfata da hantsi aka aiko daga Sabon Gari cewa Malam Nehemiya mai gyaran wuta ya rasu, bayan 'yar jinyar da muka ɗauka zazzaɓin damina ce. Na rufe rumfa na tafi. Har yau jikina a mace yake, kuma na gaji da ce wa mutane lafiya lau.

Nehemiya, ni ne Modu mai kanwa na Fagge, wanda ka ce ya fi kowa a Kano son fanka da ƙin sanin yadda take juyawa. Ka gyara wa gidaje da yawa wuta, masu su za su faɗi nasu. Ni nawa guda ne: ka riƙe mini mahaifiyata a gidana.

Da na jawo lantarki, don Hajja Zinariya na jawo. Da ƙyar na rabo ta da Barno bayan rasuwar mahaifinmu, ga tsufa, ga ido ya fara rauni. Na sa mata fanka a ɗaki, na sa ƙwan lantarki a banɗakinta don kada ta zame. Damina na sauka abin ya lalace. Ko'ina a gidan da wuta, amma ƙwan banɗaki da fankarta sai su mutu tare. Mu canza ƙwai, a banza. A ɗaura sabuwar waya a fis, wato abin da ke yanke wuta idan an samu matsala, ta ƙone kafin la'asar. Rannan Hajja ta dafa bango da jiƙaƙƙen hannu, wani abu ya fizge ta har kafaɗa.

Kowa ya san abin da ake cewa yana zama a banɗaki. Hajja ba ta yi shakka ba: masu wurin ne ba sa son haske, sun kashe shi, yanzu kuma sun taɓa ta. Aka yi turare, aka yi tofi. Ta daina shiga, ta koma wanka a bayan zana cikin ruwan sama, tana tari. Daga baya ta ɗaure kayanta ta ce in nemo mata motar Maiduguri. Na yi lallashi har bakina ya bushe.

A haka ka zo da kekenka mai kuka da jakar fatarka. Wani maƙwabci ya ce a sa waya mai kauri a fis, kowa ya huta. Ka ce fis ɗin ne kaɗai mai faɗar gaskiya a gidan nan, ba za ka toshe masa baki ba. Ka ce tunda ƙwai da fanka tare suke mutuwa, layinsu ɗaya. Ka raba su, ka cire na banɗaki, fanka ta tashi ta yi ta juyawa. Sai ka bi ɗayar wayar a hankali har inda aka binne ta cikin bangon ƙasa, daidai ƙarƙashin indararon da ya tsage. Bangon ya sha ruwa, robar wayar ta ruɓe, wuta tana tsiyaya cikin laima.

Ni na so ka gaya wa Hajja kai tsaye cewa babu wasu aljanu. Ba ka yi ba. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce: “Hajja, aikin mutanen ɓoye ba fannina ba ne. Bari in kwashe nawa laifin. In akwai saura, sai a kira malamai.” Ka fito da wayar daga bango, ka sa ta cikin bututu, ka dawo da makunni waje, ka sa na gyara indararo. Da ka gama ka tuɓe takalmi, ka tsoma hannu a bokiti, ka shiga ka manna tafinka a bangon tana kallo. Ka daɗe a tsaye. Washegari ta kwance kayanta.

Tun daga nan, duk farkon damina sai ka tako daga Sabon Gari ko ba a kira ka ba, ka duba layin, ka sake dafa mata bangon. Ta dama maka kunun gyaɗa, ta yi maka faɗan rama, kai kuma ka yi ta ce mata amarya. Na sha yi maka tsiya cewa kunun kake biyowa. Na san ba shi ba ne.

Ruwan da aka yi bayan an binne ka ya sake kashe ƙwan da fankar. Na kira Obinna, wanda kuka yi aiki tare, ya gano makunnin ne ya sha ruwa, ya canza shi. Aikinsa ba shi da aibu, wuta ta dawo. Hajja ko leƙowa ba ta yi ba. Ta ce wanda ta yarda da maganarsa ya tafi, ita ma ba ta da sauran zama. Wannan karon ban iya lallashi ba, ƙarfina ya ƙare. Motarta ta Maiduguri za ta tashi ranar Alhamis, kuma a shekarunta ban sa ran za ta sake ganin Kano ba.

Allah da Ya halicce mu duka Ya karɓi baƙuncinka, Nehemiya, Ya yi maka rahama, Ya saka maka da alherin da ka shuka a gidajen mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Biriskila, da 'ya'yanka Zakka da Lucia, da danginka na Wusasa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Biriskila, Hajja ba za ta iya zuwa gaisuwa ba, ƙafa ta ƙi. Ta ce in gaya miki tana yi miki addu'a, kuma ki sani, shekarun da ta samu a gidan ɗanta tana ganin jikokinta, mijinki ne ya ba ta su.