Gatarin Inna a Hannun Dogarin Daji

Yaran yanzu sai su ce ma'aikacin gandun daji, su haɗa kowa. A zamaninmu ba haka ba ne. Malamin daji shi ne mai alƙalami, an kira shi malam don yana rubutu. Dogarin daji mai sanda ne, ya ari sunan ne daga masu tsaron fada, sai dai shi itace yake tsaro. Kafin su duka akwai sarkin daji, shugaban maharba, tun Bature bai zo ba.

Maigidana dogarin daji ne. Dashen dogonyaro na bayan unguwar Bolori yake gadi. In ya kama mai sara, sai ya kankare reshen da farce. In kore ya fito, ɗanye aka sara ke nan, sai ya karɓe gatari.

Wata rana ya shigo yana taƙama, da gatari a kafaɗa. Kallo ɗaya na yi wa ƙotar, na ga jan tsumman da na ɗaura da hannuna.

Na ce, "Maigida, wa ka ƙwace wa wannan?"

"Wata tsohuwa. Sai rufe fuska take ta yi."

"Ai dole ta rufe. Inna ce."

Sandar ta faɗi daga hannunsa. Tun aurenmu bai taɓa ɗaga ido ya dubi uwata ba, don kunya. In aka ce tana tafe sai ya sake hanya. Yau ga shi ya tsaya a kanta yana karanta mata doka. Ita kuwa da gatarin nan take ci, itacen girki take sayarwa.

Ya ce, "Ke ki mayar mata."

"Da ni aka ƙwato?"

Mayarwa a ɓoye kuma a bakin aikinsa ne, don abokan gadinsa sun gani. Ya kai wa malamin daji gatarin, kai a sunkuye, ya ce na surukarsa ne. Malamin ya yi dariya har da hawaye, ya ce mai laifi ta dasa dogonyaro ta shayar, ran da ya kama a ba ta kayanta.

Wa zai bar surukarsa da tulu? Shi ya dasa, shi ya shayar, cikin kakinsa, yana kuma kai mata busasshen itace ƙofar gida. Matan unguwa na yi masa kirari: "Dogarin Inna!"

Da tsiron ya yi sabon ganye aka ba shi gatarin. Ya jingine shi a zaurenta, ya yi sallama, ya fice da gudu kafin ta amsa.