Rubutun da Ilu Ya Bari a Bakin Rijiya

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Ilu mai haƙar rijiya, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, wanda ya yi zama da mu a Makera ta Kaduna shekaru da dama. Ban halarci jana'izarsa ba. Labarin ma a bakin wani direban motar albasa na ji shi, bayan an yi sadakar arba'in. Tun daga nan duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye, domin babu yadda zan ba da labarin Ilu ban tona wa kaina asiri ba. Yanzu furfura ta gama cinye kaina, masaƙar da nake tsoron a kore ni daga cikinta ta daɗe da rufewa, ban ga abin da ya rage da zan ci gaba da ɓoyo dominsa ba.

Ilu gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Shi ya haƙa rijiyar gidana da ta gidaje da yawa a layinmu. Kafin ya shiga rami sai ya zura fitila da igiya, in ta mutu ya ce yau ba shiga, ko da mai gida zai yi ta faɗa. Yana da wata al'ada kuma. Duk rijiyar da ya gama, tun siminti bai bushe ba zai ɗauki ƙusa ya rubuta sunansa da garinsu da ajami a bakinta. Na taɓa tsokanarsa na ce wa zai karanta wannan, kwaɗi? Ya ce, "Akawu, wanda ya sha ruwa ya san wanda zai yi wa addu'a. In kuma ta rufta, ya san wanda zai zaga."

Akawu shi ne sunan da unguwa ta sa mini, don ina aiki a ofishin ma'aikata na wata masaƙa a Kakuri. Biro uku nake sawa a aljihu, ina karanta jarida a ƙofar gida yadda kowa zai gani. Mai wasiƙa ni zai kawo wa, mai sammaci ni zai tambaya, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ban sani ba. Wannan halin ne ya ja wa Ilu.

Shekarar da soja suka koma bariki abin ya faru. Akwai wata mai dafa mana abinci a masaƙa, Mama Ladi, mutuniyar kudancin jihar nan, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Ta sayi ɗan fili a Romi, lokacin Romi rabinta gonaki ne, ta ce in samo mata mai haƙar rijiya. Na haɗa ta da Ilu. Wata Asabar da hantsi na hau kekena na je ganin aiki. Ramin ya kai gaba shida, Ilu ya fito shan iska, Mama Ladi ta tafi sayo masa kunu. Sai ga wani saurayi da adda, ɗan mutumin da ya sayar da filin, yana cewa ubansa ya sayar ba da saninsa ba, kuma duk wanda ya ƙara saran ƙasar nan sai ya ga jininsa. Ya fara da datse igiyar, sannan ya yi kan Ilu.

Ilu ya yi ta ja da baya yana ba shi haƙuri har dugadugansa suka kai bakin ramin. Daga nan babu sauran wurin ja. Ya ɗaga daginsa, wato ƙarfen da yake haƙa da shi, ya tare sara na farko. Na biyu ya same shi a kafaɗa. Sai ya kai duka ɗaya tak a damtsen saurayin, adda ta faɗi, hannu ya karye mummunan karaya. Ilu ya yar da dagin, ya yage rawaninsa ya ɗaure wa wanda ya zo kashe shi hannu, nasa jinin yana zuba. Duk wannan a kan idona aka yi, ina tsaye ƙarƙashin wani mangwaro riƙe da kan keke, kuma ban da ni babu wanda ya ga farkon abin.

Kafin 'yan sanda su iso na ja shi gefe. A zamanin soja na sha ganin an cika mota da baƙi an nufi iyaka da su, saboda haka na ɗauka na san yadda duniya take. Na ce masa, "Ilu, kai baƙo ne. Baƙo ba ya ɗaga hannu a ƙasar mutane, ko da shi aka zalunta. In suka ji daga Nijar kake, ka gama yawo. Ka ce kai ɗan kawuna ne daga Jibiya." Ya dube ni ya ce, "Akawu, ina da takarduna hwa, ba ta ɓarauniyar hanya na shigo ba." Na ce shi bai san doka ba, ni na sani. Na karɓe katin shaidarsa da takardar zamansa na cusa a safata.

A caji ofis ni na yi masa tafinta, don ɗan sandan ba ya jin Hausa. Ɗan sandan ya tambaye ni, "Ɗan'uwanka ne?" Na ce ƙwarai kuwa, ko numfashi ban ja ba. Ya tambaye ni ko na ga yadda aka yi, na ce na iso an gama, don a lissafina maganar ba za ta wuce sulhu ba, kuma ba na son abin da zai riƙa fitar da ni daga ofis. Ilu ya dangwala yatsa a takarda. Ni ban sa hannu a komai ba, akawu ya san haɗarin sa hannu. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai dai ni nawa a wuyan wani na ɗaura shi.

Sulhu bai yiwu ba, magana ta je kotu. Ranar da Ilu zai ba da nasa bayani, aka sa shi ya yi alwala, aka miƙa masa Alƙur'ani, aka tambaye shi sunansa da garinsu. Ya dubi Littafin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, da Littafi a hannuna ban iya hwaɗin ƙarya. Ni mutumin Tasawa ne." Mai gabatar da ƙara ya samu abin da yake nema. Ya ce wanda ya yi ƙarya a kan gidan ubansa, me zai hana shi yin ƙarya a kan adda? Alƙali ya tambayi Ilu wa ya sa shi faɗin Jibiya. Ina zaune a benci na uku. Ilu bai ko waiwayo ba, ya ce, "Wannan ka bar ni da shi, ranka ya daɗe."

Abin da alƙalin ya faɗa bayan haka ya fi komai ƙona ni. Ya bayyana cewa doka ba ta tambayar inda aka binne cibiyar mutum kafin ta ba shi damar kare ransa. Ɗan ƙasa da baƙo duk ɗaya ne a wannan, muddin ba shi ya tsokano ba, kuma bai wuce gwargwadon abin da zai kuɓutar da shi ba. Abin da kotu take bukata kawai shi ne wanda ya ga wanda ya fara ɗaga makami. Ya ɗage zama zuwa mako biyu. Ashe tun farko hanya a buɗe take, ni na zo na gina katanga a kai.

Cocin su Mama Ladi ya samo wa Ilu wani matashin lauya. Ilu bai ambace ni ba, amma Mama Ladi ta san ta bar ni a wurin lokacin da ta tafi sayen kunu, ta kuma san ni na tsaya masa a caji ofis. Lauyan ya same ni a ofis ya ce, "Oga, kes ɗin nan a hannunka yake. Ka zo ka faɗi abin da ka gani, ka kuma faɗi cewa kai ka ba shi shawarar Jibiya. Ga tabon kafaɗarsa, ga igiyar da aka datse, shaida kawai muka rasa." Bai ɓoye mini ba cewa za a iya tuhumata da yi wa 'yan sanda ƙarya. A lokacin masaƙa ta fara rage ma'aikata, kowa yana taka-tsantsan. Na ce masa in sha Allahu. Ranar zaman na yi wanka, na sa kaftanina na Juma'a, na hau keke. Da na kai mararraba sai na karya kan keken na nufi Kakuri. Yinin ranar na yi shi ne ina jera katunan ma'aikata da tuni a jere suke.

Aka ɗaure Ilu shekara biyu. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana, kuma ni ne gugan.

Ban taɓa kai masa ziyara ba. Yana ciki aka yi rikicin addinin da ya raba garin nan, na Makera suka daina zuwa Romi, na Romi suka daina zuwa Makera, Mama Ladi ta bar aiki, ni kuma na samu uzurin da zan riƙa ba kaina. Da ya fito ya zo har ƙofar gidana ya yi sallama. Na gane muryarsa duk da tarin da ya shaƙe ta, na shige ɗaki na ce wa mai ɗakina ta ce ba na nan. Ta ce ya rame ƙwarai. Ya nemi ruwa, ta ɗebo masa daga rijiyar da ya haƙa, ya sha, ya leƙa ciki ya ce a yashe ta kafin damina. Bai tambayi takardunsa ba. Har yau suna cikin akwatina, da hotonsa yana saurayi.

Nakan yi tunanin abin da Ilu zai ce da zai ga Kaduna ta yau. Mota ce take zuwa da injin, ta yi ruri daga safe zuwa la'asar, sai ga burtsatse, babu mai ɗanɗana ƙasa, babu mai zura fitila, babu mai rubuta suna. Ina jin zai yi murna da ba wanda zai ƙara shaƙar iskar rami, ya kuma tambaya wa za a zaga in ta ƙafe. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yanzu 'ya'yanmu ne baƙi. Ɗana Nura yana aikin walda a wata ƙasa. Watannin baya ya kira ni a waya, ya ce wasu sun matsa wa 'yan Najeriya a unguwarsu, yana tambaya ko baƙo yana da ikon kare kansa in aka zo masa da makami. Na ce ya je ya tambayi lauyan ƙasar, kada ya tambayi mai biro uku a aljihu. Na ce ya guje wa faɗa iyakar iyawarsa, in ya zama dole kada ya wuce abin da zai tsirar da shi, kuma ko ana ha-maza-ha-mata kada ya ɓoye sunansa da garinsu. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kamar ka taɓa zama a kotu." Na ce masa layin ba kyau, na kashe wayar.

Wannan wayar ce ta kai ni Romi a watan jiya, karo na farko tun waccan Asabar. Gonakin duk sun zama gidaje, mangwaron ma babu shi, sai da na yi ta tambaya. Mama Ladi ta tsufa, tana dogara sanda, amma tana ganina ta ce, "Akawu, sai yau?" Ta kai ni bayan gida ta nuna mini rijiya. Ta ce bayan Ilu ya fito, a lokacin da ba mai rawanin da yake yarda ya tako unguwar, sai ga shi da dagin aro, ya ce ya bar aiki a rabi. Ta sauke shi a ɗakin ɗanta, ya yi mako uku yana haƙa yana tari har ya cim ma ruwa, sannan ya tafi gida Tasawa. Ta ce ko a tsakiyar bazara rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba, rabin layin nan ita suke sha.

Ilu bai bar gida a Kaduna ba, bai bar iyali a nan ba, sunansa a takardar kotu ma a matsayin mai laifi yake. Abin da ya bari shi ne ruwa a unguwanni biyu da suka daina gaisawa, da kuma misalin mutumin da ya gwammace kurkuku da ya yi ƙarya da Littafi a hannu ko ya tona asirin maƙwabci. Ni da na tsira da aikina, shekara kaɗan aka yi aka rufe masaƙar, aka sallame mu gaba ɗaya. Allah Ya jiƙan Ilu, Ya sa ruwan da ya shayar ya zama haske a kabarinsa.

Da zan tafi Mama Ladi ta riƙo hannun rigata ta ce akwai rubutu a bakin rijiyar, irin namu na allo. Ta ce ta tambayi Ilu me ya rubuta, ya ƙi faɗa, ya ce ta bari Akawu zai zo ya karanta mata. Ta ce shekara da shekaru tana hana a yi wa wurin sabon siminti. Na durƙusa, na goge gansakuka da bakin hulata. Igiyar guga ta cinye wasu haruffan, amma ana karantawa. Na karanta mata: Ilu mutumin Tasawa, ɗan'uwan Akawu.

Ta ce, "Ashe ɗan'uwanka ne?"

Sau biyu ke nan ana yi mini wannan tambaya a kan Ilu. A caji ofis na amsa tun kafin ɗan sandan ya rufe baki. A Romi ina durƙushe da hula a hannu, tsohuwar tana jira, na kasa ɗago kai.