Butar da Mailafiya Ya Haƙo a Binuwai

Mailafiya ƙanena ne, ni na goye shi, don haka ba wanda zai faɗa mini halinsa. Mutum ne mai tsoron Allah da son a yabe shi, biyun kuma a cikinsa ba su taɓa faɗa ba. Yashi yake haƙa a bakin kogin Binuwai, ya ɗora wa jakunansa ya kai wa magina a cikin Garwa. A zamanin Shugaba Ahijo ne, tun ba a datse kogin a Lagdo ba, lokacin da jiragen ruwa ke zuwa da damina su kwashi auduga.

Karatunsa bai yi nisa ba, muryarsa ba ta kiran salla ba ce. Abin da ya samu a masallacin unguwarmu shi ne randunan alwala. Shi ke cika su, shi ke wanke su, ya zauna bakin ƙofa yana miƙa wa dattawa buta suna sa masa albarka. Duk duniya ba shi da wani girma sai wannan, ya kuwa riƙe shi da hannu biyu.

Wata shekara da rani, ruwa ya janye, yana haƙa a ƙasan tsohuwar tashar jirgi sai shebur ɗinsa ya bugi ƙarfe. Ya fito da wani abu na tagulla, duk ya yi kore. Da ya dirje shi da toka da lemon tsami sai ga shi yana walƙiya. Kamar buta, amma a kwance take, gindinta a shimfiɗe, bakinta mai faɗi ya ɗago sama, ga mariƙi a gadon baya.

Unguwa ta taru. Wani ya ce fitilar Jamus ce, wani ya ce mazubin albarushi. Abakar mai yankan farce, wanda bai taɓa rasa amsa ba, ya rantse butar wani waliyyi ce da ya bi ta nan kan hanyar Makka, an ƙera ta a kwance don kada ta tuntsure a kwalekwale. Wannan ce ta yi wa Mailafiya daɗi, ita kuma aka riƙe.

Ya kai ta masallaci. Ba kowa yake ba ita ba, sai liman, Modibbo Mas'udu, da manyan baƙi. Mata suka fara aikowa a zubo musu ruwa daga cikinta, mai naƙuda ta sha, a shafa wa mai ciwon ido. Ni ma na sha, har na ce ruwan ya fi sanyi.

Aka kwana biyu a haka, sai jaki ya hauri Mailafiya ya karya masa ƙafa. Aka yi masa ɗori, aka ce kada ya motsa. Butar ya sa aka ɗauko masa aka ajiye a gefen gado, wai don albarka. Maƙwabcinmu Émile, mutumin kudu, Kirista, ya tsufa yana jinyar marasa lafiya a lopital, wato asibiti, shi ke zuwa wanke masa raunin. Rannan ina zaune ina dama kunu, Mailafiya ya ce in fita, fitsari ya matse shi, a kira wanda zai ɗaga shi.

Émile ya ce, "Ɗagawa ta me, baaba? Ai ka riga ka tanadi kayan aiki." Ya sunkuya ya ɗauki butar ya miƙa masa ƙarƙashin mayafi.

Mailafiya ya fizge ta ya rungume. "Émile, kanka ɗaya? Butar waliyyi?"

"Wane waliyyi?" Émile ya karɓe ta, ya juya ta yana dubawa. "Wannan ai ta fitsarin majinyata ce, waɗanda ba su iya tashi. Ka ga bakin? Daidai mutum yana kwance. Irin ta da ce, ta likitocin Jamus. Na wanke ire-irenta har hannuna ya yi kanta. A ina ka same ta?"

Ya dubi fuskata, ya dubi ta Mailafiya, ya tattara audugarsa ya fita ba sallama. Ni kuwa kunun nan ban iya sha ba.

Na ce, "To, uban 'yan albarka. Ba ni ita in mayar kogi, in an tambaya ka ce ɓarawo ya ɗauke. Émile ba mai surutu ba ne."

Mailafiya ya juya fuskarsa bango ya ce, "Yaya, sallar mutane fa? Liman da ita yake alwala, kowa kuma bayansa yake bi."

"In ka buɗe baki, ka bar ƙofar masallacin nan ke nan. Ka san mutanenmu."

"Na sani."

Ran da ya fara takawa da sanda, ya naɗe ta a tsumma ya tafi. Na so ya sami Modibbo shi kaɗai a zaure, amma wawan sai da ya bari aka idar da la'asar, ya miƙe gaban jama'a ya faɗa, wai tunda sallar kowa ce kowa ya ji. An ce bai ɗaga kai ba har ya gama.

Modibbo ya shafa gemun da ya sha wankewa da ruwan butar. Sannan ya ce ƙarfe in an wanke shi ya tsarkaka, balle wanda kogi ya yi shekaru yana wankewa. Salla ta yi, ba mai ramawa. Ya ce Mailafiya ya ci gaba da aikinsa.

Da a nan aka tsaya da an huta. Amma wani daga sahun baya ya kasa riƙe dariya, ta kuwa kama masallacin kamar gobara. Abakar, wanda ya ƙago waliyyin da bakinsa, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Kafin magariba labari ya kai kasuwa. Matan da suka sha suka daina amsa gaisuwata, ni ma na daina zuwa suna da biki sai da aka yi wata damina.

Mailafiya ya gwada komawa. Ya zauna bakin ƙofa kamar da, ya miƙa wa wani dattijo butar roba. Dattijon ya karɓa, ya kai ta hanci ya sunsuna. Da wasa ya yi, na yarda. Mailafiya ya tashi ya taho gida.

Modibbo da kansa ya zo har sau biyu yana lallashinsa, Mailafiya ya ce a ce ba ya nan. Randunan suka koma hannun Abakar, wanda ko rabinsu bai taɓa cikawa ba. Ƙanena kuwa har ya rasu a wani masallaci can hanyar tasha yake salla, inda ba a san shi ba, yana jan ƙafar nan a rana, da alwalarsa tun daga gida.