Bangon Mai Yatsu Huɗu

Wallahi abin nan a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne, gab da damina, aka ɗauke ni yaɓen wani tsohon gidan ƙasa a unguwar Limancin Kona, irin wanda hukuma ta hana a rushe, soro mai lanƙwasasshen rufi irin na bakan gizo da azara baƙa ƙirin, tun na kaka da kakanni.

Mai kula da gidan, Malam Sani, dattijo ne mai rawar hannu. Ya zagaya da ni ko'ina, da muka zo bangon gabas na soron sai ya ce in bar wannan, yana da mai yi masa. Na ce wa? Ya wuce gaba abinsa. Ni kuwa ga tsaga ina gani har hannu zai shiga, in ruwa ya kayar da bangon sunana ne zai ɓaci a birni, a ce aikin wane ne. Raina ya ba ni tsohon nan wani magini yake ajiye wa aikin.

Na faki idonsa na cike tsagar, na shafe sumul da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa yaɓe, na sa kwaɗona na kulle soron, na tafi Azahar da makulli a aljihu.

Na dawo, kwaɗo na nan yadda na bar shi. Amma yaɓena an kankare shi tas an tara a ƙasa, an yi sabo ɗanye sharaf, ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ga sawun hannu a jiki, yatsu huɗu, babu ƙaramin.

Na nufi Malam Sani a fusace na kama hannuwansa ina dubawa, a bushe suke, yatsu cif. Bai yi fushi ba, ya nuna mini can ƙololuwar bakan gizo. Innalillahi, sawun nan ne dai, ya bushe tun kafin a haifi kakana.

"Azara ce ta datse wa maginin da ya gina soron nan yatsa ran da ya rufe shi," in ji shi. "Ba ya son a gyara masa aiki."

Har gobe ina zargin Malam Sani, ko akwai wata ƙofa da ban sani ba. Amma tun ranar, da na taɓa ƙasar gini sai ƙaramin yatsana ya mutu, ba ya dawowa sai na wanke hannu. Dole na koma bulo da siminti.

Jama'a, in kun shiga tsohon gida aka ce ku bar bango, ku bar shi. Ba kowane mai gida ke amsa sallama ba.