Askin Yaya Illa

Wata Alhamis, shekarar da nike aji shida a Filinge, ana tsakiyar yankan hatsi, mushenmu, wato malaminmu, ya ruhe littahin lissahi ya ba mu wani labarin Turawa. Wai wani mutum ne marar wayo, likitoci sunka yi mishi aiki a kai, ya tashi ya hi su ilimi. Nan anka kaɗa ƙararrawa, mushe ya ce saura sai wani mako.

Ni kau da gudu sai gona. Na iske yayana Illa shina ɗaurin dammunan hatsi. Illa ya girme ni da shekara tara, amma tun zazzaɓin da ya kama shi shina jinjiri kanshi bai cika ba. Wata biyu ya yi a lakkwal, wato makarantar boko, anka maido shi gida. Shi ka ɗebo muna ruwa da jaki, shi ka kiwon awaki, ya san kukan kowace akuya, amma ko sunanshi bai iya rubutawa, yara na bin shi da waƙa. Na zazzage mishi labarin, har na ƙara gishiri, na ce a Yamai ake aikin. Ya aje igiya ya ce, "To, sai an yi aski ke nan."

Tun daga nan, kowace Lahadi, ranar kasuwa, sai ya tahi wurin wanzami a kwashe mishi gashi tas, ya sa rigarshi ta Salla, ya zauna tasha shina kallon motocin Yamai, wai kar likitoci su aiko su iske bai shirya ba. Inna ta yi ta faɗa, "Wa ya sa ma yaron ga wannan abu a rai?" Ni dai na ɓoye abin da na sani. Don tuni mushe ya ƙarasa muna labarin: wayon mutumin ya tsiyaye kamar ruwa a fasasshen tulu, ya koma yadda yake, shina ji shina gani.

Wata huɗu na riƙe wannan a ciki. Sai wata Lahadi 'yan ajinmu sunka gan shi a tasha, kai na ƙyalli, sunka dinga yi mini dariya. Kunya ta rufe ni. Na fizgi hannunshi gaban mutane na daka mishi tsawa, na ce babu aiki, babu likita, ko mutumin labarin ma wawa ya koma.

Bai yi hushi ba. Ya shafa kanshi, can ya ce, "Ƙanwata, da ya koma, 'yan gidansu sun karɓe shi?" Na juya na bar shi nan. Bai sake taka tasha ba, bai kuma sake tambayata komi ba.

Yau ina Yamai, na gama jami'a, ga waya a hannu, duk abin da na tambaye ta sai ta amsa. Illa ya rasu bara da damina, ina bisa aiki, ko jana'iza ban samu ba. Amsar tambayarshi kalma guda ce, "Eh", kuma na san ta tun ranar. Ban ba shi ba.