Bangon Misfala Da Na Shafe Da Farin Fenti

Ina cikin waɗanda suka zo aikin Hajji ba su koma gida ba. A lokacin ni mai fenti ne a unguwar Aziziyya ta Makka, aikina guda: kafin isowar alhazai in bi ɗakuna in mayar da su fari fes. Hannuna ya saba, ko ɗigo na gani a bango sai na rufe shi.

Wata dattijuwa haifaffiyar Makka, wadda mahaifinta Bakano ne, ta ɗauke ni aiki a tsohon gidansu na unguwar Misfala. So take a mayar da cikinsa yadda yake a zamanin mahaifinta, ya zama gidan tarihi. Murnar da na yi ba ta faɗuwa. Na kankare tagogin katako har sassaƙarsu ta fito, muka gano shuɗin asali a ƙarƙashin shafe uku, muka mayar da fitilun kananzir mazauninsu. Hajiya har tsokanata take, wai na fi ta ɗokin gidan ubanta, ko dai da ni za a raba gado.

Ɗokin nan ne ya kai ni. A zaure akwai bango guda da ya yi baƙi da ƙananan zane. Ta ce kada in taɓa zauren sai tana nan, amma ranar da ta je asibiti na ce bari in ba ta mamaki, na goge shi na yi masa shafe biyu. Da ta dawo ta tarar da bangon fari fes. Sannan ta gaya mini ba datti ba ne: alhazan da mahaifinta ke saukarwa ne kowa ke rubuta sunansa da garinsu da tawada kafin ya tafi. Na farko a sama na mahaifin nata ne, na ranar da ya iso Makka a ƙafa.

Ba ta kore ni ba, reza ta miƙo mini. Na yi makonni ina ɓare fentin a hankali, duk sunan da ya fito in ƙwala mata kira, ta zo da sauri ta karanta, wannan daga Sakkwato, wancan daga Damagaram. Na mahaifinta bai dawo ba, don daga nan na fara guga. Ta sa aka rufe bangon da gilashi, farin tabon yana nan a sama.

Na roƙi gafararta, ta yafe, amma ni ban daina ganin tabon ba. 'Yan'uwana masu aikin hannu, in aka ce ku dakata, ku dakata. Abin da ba ku san tarihinsa ba, ku tambaya kafin ku gyara shi.