Matar da ba ta cire kwat ba

Tun da aka ce wa maigidana ba sai ya riƙa zuwa ofis ba, hankalina bai ƙara kwanciya ba. Aikinsa na kwamfuta ne, a kan teburin cin abinci yake yi, a flat ɗinmu mai ɗaki ɗaya a Dagenham, cikin Landan. Sai ya tsiro da maganar tashi. Wai tunda aikin yana bin sa duk inda ya je, don me za mu zauna mai gidan haya yana cinye albashin? Wani abokin aikinsa ya koma Portugal, bakin teku, kullum sai ya turo hoton rana da gasasshen kifi. Haya can ba ta kama ƙafar tamu ba, in ji shi.

Ni aji uku na sakandare na tsaya. In yana nuna mini kuɗin intanet da na cefanen can, sai dai in ce to. Abin da na sani shi ne 'yata, wadda ba ta cika shekara biyu ba a lokacin, ƙirjinta ba ya shiri da sanyi. Sau biyu ana kwantar da mu a asibiti, tana numfashi kamar ana busa usur. Da na tuna masa sai ya ce ai shi ya sa, can ƙasar rana ce, yarinya za ta huta. Sai na kama aikin gida. In share ɗaki, in sake sharewa, in ɗauko jaka in mayar.

A watan Fabrairu ya yi booking, wata mata za ta zaga da mu wani gida a Portugal ta bidiyon waya. Ranar Juma'ar satin zai ba mai gidan hayarmu notis na tashi. Na zauna gefensa da yarinya a cinya. Gida kam ya yi kyau, farin fenti, ga teku ta taga. Shi tambayarsa duk a kan ƙarfin intanet take. Ni kuwa matar nake kallo. Kwat ne a jikinta, ta ja zif har wuya, a cikin ɗaki da rana tsaka. Kowace kujera da bargo a kai. Na bi ƙarƙashin tagogin da ido, ban ga hitar ɗumama ɗaki ko ɗaya a bango ba. A ɗakin kwana kuma an ɗan janye wadirob daga bango, kamar faɗin tafin hannu. Haka na riƙa yi wa namu a ɗakin da muka fara zama a Thamesmead, saboda baƙin fumfuna da damshi ke kawowa.

Na taɓa shi, na ce da Hausa, "Maigida, tambaye ta me ya hana ta cire kwat."

"Ke kuwa. Gida muke gani ko kayan jikin mutane?"

"To ce mata ta nuna mana bayan wadirob."

Ya harare ni, amma ya tambaya. Matar ta yi dariya, ta ce a garinsu ba a sa hita a bango, sanyin ba ya daɗewa, kowa na jonawa yake saya. Ya ce wutar fa, nawa take ci a wata? Ta ɗaga kafaɗa. Wadirob kuwa ta ce ya yi mata nauyi.

Bayan an kashe wayar ya ce ni dai ba na rasa abin tsoro. Na ce ban hana tafiya ba, amma ya je shi kaɗai ya kwana bakwai a irin gidan, in ya dawo lafiya zan bi shi da yarinyar. Juma'a ta wuce bai ba da notis ba.

Ya je. A kwana na uku ya kira, na gan shi da hula da safar hannu yana aiki. Da ya dawo ya sabunta hayarmu, amma ta wata shida kawai. Yanzu wani gari yake dubawa, can kudu da wancan, kuma ya ce ranar da za a zaga da mu in zauna kusa.